Tsarin gini biyu muke riƙe da shi, mu sauke ɗaya ko mu ci gaba a haka?

Magaji:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da na daɗe ina son kawowa gaban kowa, gara a yi ta a nan a fili maimakon a riƙa yinta guntu-guntu a ƙasan PR, wato buƙatun haɗe sabon kod. Maganar yadda ake gina laburarenmu ce, wato yadda ake harhaɗa kod ɗinmu ya zama abin da wasu manhajoji za su iya amfani da shi. Yanzu hanya biyu muke riƙe da ita, akwai Autotools da aka fara da shi tun farko, akwai kuma CMake da aka ƙaro daga baya saboda masu Windows, kuma kowa ya san sun daina tafiya tare. Mutum zai ƙara sabon fayil na kod ya saka shi a Makefile.am na Autotools ya manta CMakeLists.txt na CMake ko akasin haka, wasu zaɓuɓɓukan da ake kunnawa a configure na Autotools babu su a CMake kwata-kwata, har akwai masu suna ɗaya amma a nan a kunne suke a can a kashe, wato mutum biyu za su gina siga ɗaya su sami laburare daban-daban. Ga fodar third_party, an kwafo laburarorin wasu mutane, zlib da libpng da wasu ƙanana, an ajiye, an ɗora musu faci, wato ƙananan gyare-gyaren kod, a sama ba wanda ya rubuta dalili.

Abin da nake gani shi ne mu sauke Autotools mu bar CMake kaɗai, mu kwashe third_party gaba ɗaya, sannan mu ɗaga mafi ƙanƙantar sigar kompaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, da muke goyon baya. Ba mu ne farau ba, masu aikin kompailar LLVM sun cire nasu autoconf ɗin, wato ɓangaren Autotools, a siga 3.9 tun 2016, Qt ma da suka fitar da Qt 6 a ƙarshen 2020 CMake suka koma. Amma bana son in yanke ni kaɗai, akwai waɗanda abin zai taɓa fiye da ni. Malam Dattijo musamman, kai ka rubuta yawancin configure.ac, ina son jin ta bakinka.

Dattijo:
Wa alaikumus salam. Magaji na gode da ka kawo ta fili. Ni ba wai ina kare shi ne don ni na rubuta ba, in ya tashi aiki a cire. Amma ku tsaya ku ga abin da yake muku da ba kwa gani. Wanda ya sauke ƙunshin tar ɗinmu, wato dunƙulen kod ɗin da muke fitarwa, baya buƙatar komai sai shel (wurin buga umarni) da make da kompaila, ya buga ./configure ya buga make ya gama. Ba sai ya girka wata manhaja ba kafin ya fara. A manyan kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike inda mutum bashi da izinin girka komai, da tsofaffin Unix, da masu gina kod a na'ura ɗaya don ya yi aiki a wata daban, wannan ba ƙaramin abu bane. Kuma irin mutanen nan basa zuwa su yi magana a nan, sai ranar da abin ya karye musu za ku san suna nan.

Sannan kar a ɗauka CMake baya motsi a ƙarƙashin mutum. Da CMake 4.0 ya fito a Maris 2025 ya daina karɓar duk fayil ɗin da ya ce cmake_minimum_required ƙasa da 3.5, ayyuka da yawa da ba wanda ya taɓa su shekara da shekaru suka wayi gari basa ginuwa, masu haɗa fakeji suka koma saka CMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM da hannu ɗaya bayan ɗaya. Sikirif ɗin configure kuwa wanda aka samar shekaru ashirin da suka wuce har yau shel zai karanta shi. PostgreSQL da suka kawo wani tsarin gini mai suna Meson a siga 16 ai basu jefar da autoconf rana ɗaya ba, sun bar su tare.

Auta:
Salam. Dan Allah ku yi hakuri ni sabuwa ce a nan, tambaya ce dani. Meye laifin third_party din? ni a ganina in kod din yana cikin gidanmu ai shikenan babu wanda zai canza mana shi, kuma mai zai hana kawai mu kafe kowane dipendansi, wato kod din wasu da muke dogaro dashi, akan siga daya da muka gwada muka ga tana aiki? ai inaga sai an huta da duk wannan

Talatu:
Auta tambayarki ita ce gindin maganar ma, kar ki ba da haƙuri. Bari in amsa ta farko tunda ni ce nake haɗa fakejin laburaren nan a ɗaya daga cikin rarrabe-rarraben Linux, kuma third_party ɗin nan duk fitowa sai na zauna na goge shi da hannu kafin in gina.

Dalili shi ne ranar da aka gano rami na tsaro. In zlib ɗaya ne a kan na'ura, kowa na amfani da shi, to faci ɗaya za mu yi mu tura, duk manhajar da ke kai ta warke. In kuwa kowane laburare ya ɓoye nasa kwafin a ciki, sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya muna nema, kuma wasu sun canza sunan foda wasu sun canza sunan fankishin, ba ma za ki gane shi bane. Ba tatsuniya bace, a Satumba 2023 aka gano matsalar libwebp, laburaren karanta hotunan WebP, aka gyara a 1.3.2, amma da yake kwafinsa na cikin Chrome da Firefox da duk wata manhaja da aka gina da Electron, sai da kowacce ta fitar da nata gyaran daban, wasu suka ɗau makonni, wasu ma masu su basu san suna ɗauke da shi ba. Shi ya sa ƙa'idar Debian sashe na 4.13 ta ce kar fakeji ya yi amfani da kwafin kod da aka cusa a ciki in har akwai laburaren a tsarin. Kuma Yaya Magaji ya faɗi abin da ya fi damuna, facin da aka ɗora ba bayani. Ni in na cire kwafinku na saka na tsari, ban san ko akwai wani hali da kuka dogara da shi wanda facin ne ya kawo shi ba. Gwaji na wucewa, amma hankalina baya kwanciya.

Saboda haka kan third_party ina tare da Magaji ɗari bisa ɗari. Kan Autotools ba ruwana, duk wanda kuka zaɓa zan iya, in dai make install zai mutunta DESTDIR, wato fodar da muke tara fayiloli don haɗa fakeji, ya kuma ajiye fayil ɗin .pc na pkg-config, wanda ke nuna inda laburaren yake, daidai.

Danlami:
Hajiya Talatu na ji ki amma kina magana ne kamar kowa Linux yake. Ni nake gina na Windows da macOS da kuma wheel, wato ginannen fakejin Python da muke turawa rumbun PyPI, kuma wlh a Windows babu wani abu wai shi zlib na tsari, babu apt babu dnf, mutum zai sauke kod dinmu ya bude Visual Studio yana so ya danna ya ginu. In kuka kwashe third_party rana daya to kun ce ma wadannan mutanen su je su koyi vcpkg ko Conan kafin su iya gwada laburaren, kuma da yawansu juyawa zasu yi su tafi, su kuma ba kadan bane a cikin masu amfani damu, duba yawan tambayoyin da ake budewa kiga.

Kuma ko a Linux din, wheel ai dauke yake da kwafin laburarorin a cikinsa, haka tsarin manylinux yake, auditwheel ne ke kwaso su ya cusa. Shi yasa lokacin libwebp din da kika ambata sai da Pillow suka fitar da 10.0.1, ba don kod dinsu na da matsala ba sai don abin da ke cikin wheel din. To kinga ko mun goge fodar nauyin bai sauka daga kanmu ba, wuri kawai ya canza. Ni abin da nake so a gyara shine mu san me muke dauke dashi, wace siga, daga ina aka dauko, wane faci aka dora kuma saboda me. Wannan ne babu yanzu, ba fodar ce matsalar ba.

Talatu:
To Danlami mu haɗu a tsakiya. Ku bar kwafin, amma a sami zaɓi ɗaya da in na kunna shi gini zai ɗauki na tsari ya ƙi taɓa third_party ko kaɗan, kuma CI, wato tsarin da ke gina kod ya gwada shi da kansa duk lokacin da aka yi canji, ya riƙa gwada wannan hanyar, don zaɓin da ba a gwadawa wata uku ya lalace. Abu ɗaya dai nake roƙo, kar a maye gurbinsa da FetchContent mai sauke kaya daga intanet ana tsakar gini. Injinan da Debian da Fedora ke gina fakeji a kansu ba a ba su intanet, da gangan aka yi haka.

Jummai:
Na karanta duka, kuma ina ganin akwai abin da ba a taɓo ba wanda ni shi ya fi tsaya min a rai. Malam Dattijo ka ce alherin Autotools shi ne mutum ya sauke tar ya buga configure. Gaskiya ne, amma wannan configure ɗin da yake bugawa baya cikin Git ɗinmu, wato ma'ajiyar kod ɗinmu da tarihinsa. Samar da shi ake yi lokacin fitarwa a kwamfutar mutum ɗaya, layi dubbai na shel da ba wanda yake karantawa, ni dai ban taɓa ganin wanda ya zauna ya karanta ba. Ta wannan ƙofar aka shiga xz, manhajar matse fayiloli.

Ga waɗanda basu bi labarin ba: ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund, ɗaya daga cikin masu aikin PostgreSQL, ya sanar cewa xz 5.6.0 da 5.6.1 na ɗauke da ɓoyayyiyar ƙofa. Abin da ya ja hankalinsa shi ne sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga kwamfuta daga nesa, na cin CPU fiye da ƙima, shiga ta ssh ta ƙara kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar mugun kod ɗin baya cikin fayilolin C da mutane ke dubawa. An ɓoye shi ne a cikin fayilolin gwaji da suka yi kama da lalatattun ƙunshin xz, sannan abin da ke fito da shi ya liƙa shi a gini wani build-to-host.m4 ne da aka sauya, wanda ke cikin tar ɗin fitarwa kaɗai, babu shi a Git. Wanda ya yi, mai amfani da sunan Jia Tan, sai da ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka ba shi damar fitar da siga. Kuma ku lura OpenSSH da kansa baya dogaro da liblzma, wato laburaren xz, wasu rarrabe-rarraben ne suka haɗa sshd da libsystemd, shi kuma ya jawo liblzma. Wato dipendansi na dipendansi.

To mu tambayi kanmu tsakani da Allah, PR ɗin da ya taɓa fayil ɗin .cpp mutum biyu ke dubawa a nan, wani lokacin a yi kwanaki ana ja-in-ja kan sunan fankishin. PR ɗin da ya taɓa fodar m4 ta Autotools ko cmake ko .github ta CI fa? In CI ya yi kore haɗewa ake yi. Ni wannan ne yake hana ni barci, ba wai wanne daga cikin biyun ya fi kyau ba.

Dattijo:
'Yata kin faɗi gaskiya, amma ki ƙarasa labarin. Shi wannan mutumin ai bai bar CMake ba. A cikin CMakeLists.txt na xz akwai ɗan guntun kod na C da ake gwada harhaɗawa don a ga ko na'urar na da Landlock, wata kariya ta Linux, sai ya saka ɗigo ɗaya tal a farkon layi. Ɗigon ya sa gwajin kullum faɗuwa yake, gini ya ɗauka babu Landlock, kariyar ta kashe kanta shiru. Wannan kuma a cikin Git yake a fili, kowa na iya gani, ba wanda ya gani. Don haka canza kayan aiki kaɗai ba zai fisshe mu ba. Lasse Collin, mai kula da xz, shi kaɗai ya riƙe aikin shekaru, ya gaji, ana matsa masa lamba ya ƙara mai taimako. Nan ne ramin yake.

Jummai:
Haka ne Baba, kuma ai maganarka ta ƙara ƙarfafa tawa ce. In ido bai isa duba tsari ɗaya ba, ina ga biyu? Ni dalilina na goyon bayan a sauke ɗaya kenan, ba ƙiyayyar Autotools ba, a rage yawan abin da ake buƙatar karantawa. Kuma ko wanne aka bari, tar ɗin fitarwa ya fito daga CI, daga tag ɗin Git, wato alamar sigar, yadda kowa zai iya sake samar da shi ya kwatanta hash, wato lambar tantance fayil, ya ga iri ɗaya ne.

Magaji:
Maganar ɗigon nan ta tuna min wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Gwaje-gwajen gano abin da na'ura ke da shi, in sun faɗi basa ihu, cewa kawai suke babu, gini ya wuce. Da Clang 16 ya fito a 2023 sannan GCC 14 a Mayu 2024, kiran fankishin da ba a bayyana shi ba ya tashi daga gargaɗi ya zama kuskure, to tsofaffin gwaje-gwajen configure da yawa haka aka rubuta su, sai suka fara faɗuwa shiru, manhaja ta ginu lafiya lau amma wani sashe nata ya ɓace. Mutanen Fedora da Gentoo sun sha aiki wajen bin waɗannan. Mu ma muna da irin gwaje-gwajen nan a ɓangarorin biyu. Ina ganin CI ya kamata ya riƙa ajiye config.h da aka samar ya kwatanta da wanda muke tsammani, in wani abu ya juya daga akwai zuwa babu ya yi ja.

Malam Dattijo kan shel kuwa, gaskiya ne tsohon configure zai karantu, amma ka ga karantuwa daban ba da amsa daidai daban.

Auta:
Na fahimci ta third_party yanzu nagode Anti Talatu. Amma tambayata ta biyu har yanzu, ta kafe siga. na karanta labarin left-pad, 2016 mutum daya ya cire fakeji mai layi 11 daga npm, rumbun fakejin JavaScript, manhajoji irin Babel da sauransu suka daina girkuwa, to ba irin wannan kafewa ke hanawa ba?

Danlami:
Auta a'a, left-pad kafewa bata hana shi, don sigar da ka kafe din ce aka cire gaba daya daga npm, abin da zai taimaka a nan shine ajiye kwafi ko madubi, kuma bayan abin ne npm suka tsaurara dokar cire fakeji. Amma bari in miki bayanin kafewa don mutane da yawa na hada abu biyu.

Manhaja da ake girkawa a yi amfani da ita kai tsaye daban, laburare daban. Mai manhaja shine karshen layi, ya kafe komai babu wanda zai cutu. Mu kuwa wasu ne ke dora mu a cikin nasu aikin tare da wasu laburarori hamsin. In muka rubuta a pyproject.toml cewa sai NumPy siga kaza daidai, wani laburaren shima ya ce sai siga kaza daban, to mai amfani ya makale, pip zai ce masa ba zai iya warwarewa ba kuma babu abin da zai iya yi sai ya jira dayanmu. Shi yasa abin da muke sanarwa ga duniya dole ya zama mai fadi, daga siga kaza zuwa sama. Abin da muke kafewa shine na CI dinmu, don in gwaji ya fadi yau mu san kod dinmu ne ya canza ba duniya ba. Mutanen Cargo na yaren Rust ma da can cewa suke laburare kar ya saka Cargo.lock, fayil din kafe siga, a Git, a Agusta 2023 suka sauya shawara suka ce a duba abin da ya dace da aikin, saboda wannan dalilin.

Amma in ka ce daga siga kaza zuwa sama to alkawari ka dauka fa, kuma mu gsky tsakiyar kawai muke gwadawa. Kamata yayi a sami aiki daya a CI da ke girka mafi tsufan sigar da muka ce muna goyon baya, manhajar girka fakeji ta uv na da --resolution lowest don haka, da wani kuma da ke gudana kowane dare da sigar da bata fito ba tukuna. Wadanda suke da na biyun sun ga NumPy 2.0 tun kafin Yuni 2024 suka shirya, wadanda basu da shi sai daga bakin masu amfani suka ji.

Talatu:
Wannan ya kawo mu kan ta uku, ɗaga kompaila. Yaya Magaji nan ne nake so a bi a hankali. Ubuntu 22.04 GCC 11 da CMake 3.22 yake ɗauke da su kuma ana kula da shi har 2027, Debian 12 GCC 12 da CMake 3.25, RHEL kuwa shekara goma yake yi, RHEL 8 da GCC 8 ya zo. In kuka ɗaga sama da waɗannan don wani ya ga sabon salon C++ ya burge shi, ku sani gyaran tsaronku ba zai isa ga mutanen can ba sai wani ya zauna ya mayar da facin baya da hannu. Ku tuna laburaren Python na cryptography 3.4 a Fabrairu 2021, da suka shigo da yaren Rust cikin gini. Dalilinsu mai kyau ne, ni ina ganin sun yi daidai ma, amma mutane da yawa a Alpine da masu tsofaffin na'urorin da Rust baya goyon baya sai wayar gari suka yi abin ya tsaya, aka yi ta rigima. Ba ɗagawar ce ke ɓata rai ba, a ji ta ba zato ne.

Magaji:
Na yarda, kuma maganin a rubuta doka ne yadda ba sai an yi muhawara duk lokacin ba. NumPy suna da NEP 29 tun 2019, daga baya aka yi SPEC 0 da ya ce a goyi bayan sigar Python shekara 3 daga fitowarta, manyan laburarorin kuma shekara 2. Ba lallai mu ɗauki lambobinsu ba, namu masu amfanin sun fi nasu jinkirin sabuntawa. Amma mu ce misali muna goyon bayan kompailar da ke cikin Debian mai ci da Ubuntu LTS biyu na ƙarshe, a saka a README, kuma duk ɗagawa a sanar siga ɗaya kafin ta. Kowa ya san ranar da abin zai zo masa. Kuma jira ma na da nasa haɗarin, SciPy sun fara ƙaura zuwa Meson da wuri suka fitar a 1.9 a 2022, shi ya sa da Python 3.12 ya cire tsohon kayan gininsa distutils a Oktoba 2023 bai same su a zaune ba.

Jummai:
Ƙari kaɗan kan abin da Danlami ya ce na kafe CI. Fayilolin .github ma dipendansi ne, kod ɗin wasu ne ke gudana da makullan fitarwarmu a hannu. A Maris 2025 aka kutsa tj-actions/changed-files, wani kod da ake kira a CI, aka juya tag-tag ɗinsa zuwa wani mugun komit da ke zubo sirrika a cikin log, duk wanda ya rubuta sunan tag ya kwasa, wanda ya kafe da cikakken hash na komit bai kwasa ba. Mu kuwa dukansu da sunan tag muke kira. Wannan aikin yini ɗaya ne, zan ɗauka. Dependabot ko Renovate zai iya ci gaba da sabunta hash ɗin, amma don Allah a haɗa su rukuni sati-sati, in bot na buɗe PR goma a rana mutane daina karantawa suke su koma danna haɗe kawai, mu dawo inda muka fito.

Dattijo:
To na saurara. Ba zan tsaya a hanya ba, a sauke Autotools, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba na girmamawa bane na aiki ne. A fara jera duk zaɓin da configure ke da shi a ga CMake ya yi kowanne, har ginin wata na'ura daga wata, har sunan soname, wato sunan laburaren mai ɗauke da lambar siga, da libtool ke bayarwa, don in wannan lambar ta canza ba da niyya ba duk wanda ya haɗa da mu sai ya sake gini. A bar su tare siga biyu, configure na buga sanarwa cewa zai tafi, a ba mutanen da na ce basa magana damar su fito su yi. Sannan a cire.

Amma Magaji abin da na fi so ka ji shi ne wannan. Fayilolin gini a aikin nan kamar tsakar gida suke, kowa na bi ta ciki ba wanda ya ɗauki shararsu. Duk wanda ya zo yana son ya rubuta sabon abu a laburaren, sunansa ya fito a sanarwar fitarwa, ba wanda yake zuwa don ya gyara FindZLIB. Ni na riƙe ɓangaren nan ne saboda ba wani, kuma shekaruna sun ja. In kuka koma CMake kuka bar shi a hannun Danlami shi kaɗai to ba abin da kuka gyara. A saka aƙalla mutum biyu a CODEOWNERS, fayil ɗin da ke nuna masu alhakin duba kowace foda, kan cmake da third_party da .github, PR ɗin da ya taɓa su kar ya shiga sai ɗayansu ya karanta layi-layi, kuma a riƙa ambaton wannan aikin a sanarwa kamar kowane aiki.

Auta:
Baba in ba damuwa ni ina so in koya. ban iya CMake sosai ba amma zan iya fara jera zabin configure din a tebur in duba wanne ke akwai wanne babu, in Yaya Danlami zai rika duba min. kuma facin third_party din ma zan iya bin tarihin Git in nemo komit din da ya kawo kowanne

Danlami:
Bismillah Auta, bude issue ki saka ni. ki fara da zlib shi yafi saukin bi, ki sauke asalin sigar daga wurinsu kiyi diff da namu, duk bambancin da kika gani ki maida shi fayil din faci daban da layi biyu na bayani a samansa, wanda kika kasa gano dalilinsa ki tambayi Baba kafin a taba.

Magaji:
Madalla, Allah ya saka da alheri. To ga inda muka tsaya yadda na fahimta, wanda ya ga na karkace ya gyara min. third_party na nan amma da zaɓin na tsari da CI ke gwadawa, kowane kwafi da sigarsa da facinsa a rubuce. Autotools zai yi siga biyu yana sanarwa kafin ya tafi, kuma ba zai tafi ba sai teburin Auta ya cika. Jummai na da hash ɗin .github da fitar da tar daga CI. Ni zan rubuta daftarin dokar goyon baya in kawo nan a duba, da aikin CI na mafi tsufa da na dare. CODEOWNERS Danlami da Jummai, Malam Dattijo kuma muna roƙo ka zauna a kan m4 har ranar da za a goge ta.

Talatu:
Ya yi. Abu ɗaya, kafin ku buga tag na sigar farko da CMake zai zama shi ne babba ku fitar da ta gwaji ku ba mu ko sati biyu, in gina ta a injinanmu har da na ARM da s390x in kwatanta jerin fayilolin da aka girka da na tsohuwar. Kuma Danlami fayil ɗin .pc da CMake ke samarwa yanzu libdir ɗinsa a kafe yake kan lib, baya bin GNUInstallDirs, a na'urorin da ke amfani da lib64 ba a ganin laburaren. Zan turo faci yau da dare.